Saje Tunau a Gaban Kwamitin Sannu da Jiki

A wani gari da ake kira Ba-Komai, can bayan inda kwalta ta ƙare, an yi wasu mutane masu ladabin da ban taɓa jin irinsa ba. In ka taka mutumin Ba-Komai a kasuwa, shi zai riga ka cewa yi haƙuri. In gidansa na cin wuta ka tsaya gaishe shi, sai ya ajiye bokiti ya amsa maka gaisuwa har ƙarshenta, ya tambayi mutan gidanka, sannan ya koma kan wutar. Kada wani ya fara waige-waige, ba garinku nake nufi ba. Ku ai kun waye.

To, garin yana da wata doka da Magajin Gari, Alhaji Allah-Ya-Kyauta, yake ji da ita ƙwarai. Dokar ta ce duk ɗan sandan da ya ji rauni a bakin aiki har ya kasa, a yi masa ritayar jinya, ya koma gida ya huta, a riƙa ba shi fansho, a ɗauke masa magani. Doka mai kyau, wallahi. An saka ta a gilashi an rataye a zauren Majalisar Mu-Gani, baƙi in sun zo akan kai su su ɗauki hoto a gabanta. Babban abin alfaharin ma shi ne, tun da aka kafa ta ba a taɓa samun ɗan sanda ko ɗaya da ya buƙace ta ba. Magajin Gari yakan faɗi haka a kowane taro, a yi ta tafi, a ce ai 'yan sandan Ba-Komai sun fi na ko'ina lafiya.

Ana nan sai ga Saje Tunau.

Saje Tunau dogon mutum ne mai gashin baki, wanda ya tsufa yana ba da hannu a shataletalen Kasuwar Sai-Haƙuri. Direbobi sun san usur ɗinsa, masu talla sun san lokacin da yake shan koko. Wata ranar kasuwa birkin wata tifa mai ɗauke da yashi ya tsinke a kan gangara, ta nufo rumfunan masu tumatir, direba na ta ihu ta taga. Kowa ya yi ta kansa. Tunau ya sunkuci wani gungumen icce da mahauta ke saran ƙashi a kai, ya cilla shi ƙarƙashin taya. Tifa ta tsaya. Gungumen kuwa ya yi tsalle ya dawo ya sami gwiwarsa ta hagu, aka ji ƙas! har rumfar masu albasa.

An kai shi wurin maɗori, ɗori bai kama ba. An kai shi asibiti, aka yi abin da za a iya. Da ya fara ɗingisawa sai Majalisa ta maƙala masa lambar yabo a ƙirji, ta mayar da shi shataletale, wai inda mutum ya yi jarumta nan ya kamata jama'a su riƙa ganinsa. Haka yake wuni a tsaye cikin rana, ƙafa na kumbura har igiyar takalmi ta daina ɗauruwa.

Likitar da ke duba shi, Dakta Tasalla, ta ɗaga hoton ƙashinsa a jikin taga ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Saje, zan gaya maka gaskiya, don ni ba 'yar garin nan ba ce. Ƙafar nan zama take so. In ka ci gaba da wuni a tsaye a kanta za ta lalace, kuma ni ce zan yanke ta da hannuna. Je ka nemi ritayar jinya."

Tunau ya ce, "Ba komai, likita."

Ta ce, "Da komai, Saje! Da komai!"

Ya fito yana mamakin irin tarbiyyar mutanen wasu garuruwa. Amma maganar ta zauna masa. Yana son ƙafar nan, jama'a. Da ita ya yi fareti yana saurayi, da ita ya taka har ƙauyen su Kuluwa ya nemo aurenta, kuma da ita yake fara shiga banɗaki kamar yadda aka koya masa. Tsoro ya kama shi sosai.

Wanda duk ke neman ritayar jinya sai ya bayyana a gaban Kwamitin Sannu da Jiki. Shugabansa shi ne Wakilin Sannu, wani dattijo mai farin gemu da taushin murya. Kada ku zaci mugu ne. Bai taɓa karɓar ko goro daga hannun kowa ba, bai taɓa yi wa kowa tsawa ba, kuma in ya ga mara lafiya har idonsa kan ciko. Babu likita a kwamitin. An taɓa saka ɗaya, aka cire shi, don an lura yana tayar wa marasa lafiya hankali.

Ranar da aka ba shi, Tunau ya sha gugar kaki, ya ɗingisa har zauren. Yana shiga ya ga manya a jere, jikinsa ya yi abin da ya saba tun yana kurtu: ya buga ƙafa, ya ƙame, ya sara. Zafi ya harba masa har tsakiyar ka, amma ko ƙifta ido bai yi ba.

Wakilin Sannu ya yi murmushi ya ce, "Sannu da zuwa, Saje. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, ranka ya daɗe."

"Madalla. Yaya aiki?"

"Da godiya, ranka ya daɗe."

"To, yaya jikin?"

"Da sauƙi, ranka ya daɗe."

Wakili ya juya ya dubi 'yan kwamiti, fuskarsa cike da farin ciki. "Kun ji da kunnenku. Ba ya gajiya, yana godiya da aikinsa, jiki kuma da sauƙi. Alhamdu lillahi! Saje, ka faranta mana rai. Allah ya ƙara sauƙi."

Duk zauren suka ce amin, har da Tunau. Yana tsaye yana jira a gama gaisuwa a fara duba shi, sai ya ji an kira na gaba. Ashe dubawar ke nan aka yi.

Kuluwa, matarsa, ita ma 'yar yankin ce, sai dai kakarta ta wajen uwa daga wani gari aka auro ta, shi ya sa bakinta bai gama ladabtuwa ba. Da ya ba ta labari ta saki muciya a tukunya ta riƙe haɓa.

"Baban Uwani, da bakinka ka ce da sauƙi?"

"To me zan ce? Gaishe ni ya yi."

"Ka ce babu sauƙi mana!"

"A'uzu billahi! Kuluwa, mutumin nan sa'an babana ne. Ya gaishe ni cikin mutunci, in dube shi in ce babu sauƙi? A ce ɗan wa?"

"A ce ɗan mai ƙafa biyu!"

Suna cikin haka sai ga Kofur Barmo, maƙwabcinsu a bariki, ya shigo dubiya. Shi Barmo tun ranar da wata tsohuwar bindiga ta fashe a gefen kansa kunnuwansa suka tafi, sai aka duba aka ga aikin da ya fi dacewa da shi, aka ajiye shi a teburin karɓar ƙorafi na caji ofis. Kuluwa ta kwatanta masa abin da ya faru, rabi da ihu rabi da hannu. Ya yi dariya har da buga cinya.

Ya ce da ƙarfi, don shi duk maganarsa da ƙarfi ce, "Kai ka ma ji tambayar! Ni da na je ban ji komai ba. Na dai ga bakinsa ya motsa, na ce da sauƙi. Aka ce in koma aiki."

Tun daga ranar Kuluwa ta buɗe makaranta a tsakar gida. Takan kifa turmi ta zauna, ta kafa hular Saje, ta ɗaura farin ɗankwali a haɓa a madadin gemu, ta sassauta murya.

"Sannu da zuwa, Saje. Ina gajiya?"

"Ba ga... akwai. Akwai 'yar gajiya."

"Cire 'yar nan. Yaya jiki?"

Sai gumi ya karyo masa. Mutumin da ya tari tifa da gungume, ga shi yana rawar baki a gaban matarsa da ɗankwali a haɓa. "Da sau... ba... babu... Kuluwa, wallahi harshena ba ya juyawa."

"Zai juya. Sake."

Matan bariki suka riƙa leƙe ta katanga suna ƙunshe dariya. Wasu suka ce Kuluwa na koya wa mijinta rashin kunya da girmansa. Ita ko a jikinta. Kullum da yamma ita ke kwance masa bandeji, ita ke ganin yadda fatar ke sauya launi, ita ke juya baya ta share ido kafin ta ce masa ya sake.

Da zama na gaba ya zagayo, Tunau ya shiga zauren yana maimaitawa a zuci. Kuluwa ta hana shi ƙamewa, don haka ya tsaya a karkace, abin da ya sa wani ɗan kwamiti ya yi gyaran murya.

"Sannu da zuwa, Saje. Ina gajiya?"

Tunau ya runtse ido. "Akwai gajiya, ranka ya daɗe."

Wakilin Sannu ya karkato kunne, yana zaton bai ji daidai ba.

"Yaya... yaya jikin?"

"Babu sauƙi, ranka ya daɗe! Ko kaɗan babu! Ba na barci, ƙafar ta fara wari, likita ta ce za ta yanke!"

Ya faɗa, jama'a, ya faɗa! Wani ɗan kwamiti ya saki carbinsa a ƙasa. Masinjan da ke bakin ƙofa ya yi salati ya fita. Tunau kansa ji ya yi kamar ya tuɓe a tsakiyar kasuwa.

Wakilin Sannu ya taso da kansa, ya zo ya dafa goshin Saje da bayan hannu. Idonsa ya ciko.

Ya ce, "Wayyo, bawan Allah. Na san mahaifin yaron nan. Mutum ne da yana kan gargara aka gaishe shi ya ce da sauƙi, sannan ya cika. Ɗansa ba zai yi irin wannan magana yana cikin hayyacinsa ba. Zafin ciwo ne ya taɓa shi." Ya juya ga kwamiti. "Za mu yanke hukunci a kan maganar wanda ba ya cikin hayyacinsa?"

Suka ce, "Ina! Ai zalunci ne."

"To, Saje, ka ji. Ba za mu riƙe ka da wannan magana ba, mun yafe. Koma bakin aikinka. In ka samu sauƙi ka dawo, mu ji ta bakinka."

Tunau ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Sai da ya kai bakin titi ya tuna bai san abin da ya gode wa ba.

Kuluwa ba ta haƙura ba. Ta yafa mayafi ta tafi Majalisar Mu-Gani ta ce tunda hutu ya gagara, a taimaka a ba mijinta ko kujera ce ya riƙa ba da hannu a zaune. Majalisa ta ɗauki maganar da muhimmanci, ta wuni tana muhawara. Wani ya ce in baƙo ya shigo gari ya ga ɗan sanda a zaune zai zaci ba shi da lafiya, sunan gari ya ɓaci. Wani ya ce in aka ba Saje kujera gobe Kofur zai nemi tabarma. Daga ƙarshe aka tsayar da shawarar da kowa ya yaba: a tura tawaga ta musamman ta je gida ta gaishe shi. Tawaga ta zo, ta cika tsakar gida, ta cinye tuwon da Kuluwa ta tuƙa na dare, kowa ya tambayi Saje jiki, kowa ya samu amsar da ya zo nema.

A kasuwa kuwa, masu tumatir ɗin da ya ceta ba su manta da shi ba. Duk wanda ya wuce shataletale sai ya ɗaga hannu ya ce, "Sannu, Saje!" Sannu dai ya sha ta, har ta yi masa yawa.

Ranar da ya faɗi a tsakiyar titi da usur a baki, mahauta ne suka ɗauke shi a kurarsu ta dakon nama zuwa asibiti. Dakta Tasalla ta kwance bandeji, ta duba, ta mayar. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta dai ce a kira matarsa. Kafin la'asar an yanke ƙafar, aka naɗe ta a farin ƙyalle, Barmo da wasu 'yan bariki suka kai ta maƙabarta suka binne.

Washegari Kwamitin Sannu da Jiki ya iso asibiti da ledar lemu, domin in dai zuwa dubiya ne ba a taɓa riga su ba. Kuluwa na ganinsu ta miƙe ta tare bakin gado, idonta jawur.

Ta ce, "Yau ba mai gaishe shi. Wallahi duk wanda ya ce yaya jiki sai mun kwashi 'yan kallo da shi. Ga abin da kuka zo gani!"

Ta yaye bargo.

Wakilin Sannu ya dubi inda ƙafa take a da, ya ga zanin gado a shimfiɗe ba komai a kai. Ya yi salati. Hawaye suka gangaro cikin farin gemu, hawaye na gaskiya. Ya sunkuya a hankali wajen da babu ƙafar, ya sassauta murya kamar mai lallashin jariri.

"Sannu, baiwar Allah. Yaya jiki?"

Shiru.

Ya sake tambaya. Shiru dai.

Ya miƙe yana share ido. "Jama'a, kun shaida. Tun da nake wannan aiki ban taɓa gaida wanda ya kasa amsawa ba sai yau. Wannan ta kasa. Ta ji rauni a bakin aiki, kuma ba ta ce da sauƙi ba. Doka ta hau kanta."

'Yan kwamiti suka gyaɗa kai cikin jimami. Kuluwa ta saki ajiyar zuciya, ta koma ta zauna a bakin gado, a zatonta wahala ta ƙare. Zamanta ke da wuya Wakili ya leƙa ta bayanta.

"Kai fa, Saje? Yaya naka jikin?"

To, ku yi wa Tunau adalci. Allurar kashe zafi ba ta gama sakinsa ba, kuma tun ranar tifa bai taɓa wayar gari gwiwa ba ta cizonsa ba sai wannan safiya. Shi kuma bai iya ƙarya ba.

Ya ce, "Gaskiya yau da sauƙi, ranka ya daɗe."

Kuluwa ta ɗora hannu a ka.

An yi biki, ba ƙarami ba. Magajin Gari da kansa ya sanar cewa dokar nan tasa ta samu wadda ta fara cin moriyarta, kuma masu cewa doka ce ta ado yau sun ji kunya. Aka ɗora takalmin Saje na hagu a kan kujera mai laushi a gaban Majalisa, 'yan badujala suka busa, aka sara masa, aka yi jawabi a kan shekarun da Ƙafar Hagu ta yi tana bauta wa gari ba ƙorafi. Aka yi mata ritayar jinya da cikakken fansho da magani kyauta har ƙarshen rayuwa. Mata suka yi guɗa. Barmo bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya fi kowa tafi.

Da Kuluwa ta je ofishin fansho, akawun ya tarbe ta da fara'a, ya ba ta wurin zama, ya tambayi mutan gida. Ya ce haƙƙin mai ritaya yana nan ba wanda zai taɓa, abu ɗaya ya rage, ta zo da kanta a tantance ta.

Kuluwa ta ce, "Tana maƙabarta."

Ya ce, "Ba komai, Hajiya. Duk ranar da ta samu dama. Mu muna nan."

Shi kuwa ragowar Saje Tunau, tunda ya shaida da bakinsa a gaban kwamiti cewa da sauƙi, sai aka mayar da shi shataletalen Kasuwar Sai-Haƙuri. Majalisa ta saya masa sandar dogarawa, ta ma yaba da cewa sanda ta fi hannu tsawo, direba zai hango ta daga nesa. In zai tsayar da mota sai ya ɗaga sandar, nauyinsa duka ya koma kan ƙafar dama. Kwanan nan igiyar takalmin dama ta fara ƙin ɗauruwa. Dakta Tasalla ta wuce a kan babur ɗinta wata safiya, ta rage gudu, ta dubi ƙafar, ta dube shi, ta wuce.

Da azahar Kuluwa ta kawo masa abinci, tana tsaye a gefen titi da kwano a hannu, sai ga motar Wakilin Sannu ta shigo shataletale. Ta tsaya daidai Saje. Gilashi ya sauka, farin gemu ya leƙo, fuskar nan cike da tausayi.

"Sannu da aiki, Saje. Yaya jikin?"

Tunau ya dubi Kuluwa. Ya dubi ƙafar da ta rage masa. Ya dubi dattijon nan sa'an babansa, da ya tsayar da motarsa cikin rana takanas don ya gaishe shi.

Ya gyara tsayuwa, ya maƙale sanda a hammata, ya sara, ya buɗe baki.